Jinin da ke zuwa ba ciwo: mabiyiya a bakin mahaifa da makonnin da jariri ke buƙata

Abin kan zo ne da asuba ko tsakar dare. Mace mai cikin wata bakwai ta farka ta ji zaninta a jiƙe, ta haska fitilar waya, sai ga jini ja wur a kan shimfiɗa. Mara ba ta ciwo, baya ba ya ciwo, ciki da laushinsa kamar kullum, ɗa kuma yana ta motsinsa. Kafin hantsi jinin ya ɗauke. Uwar miji ta leƙo ta ce zafi ne ya yi mata yawa, ko kuwa dakan jiya ne, a jiƙa mata wani abu ta sha ta kwanta. Maigida ya ga ba ciwo ba kuka, ya yi hamdala ya kama hanyar kasuwa. Babu mai mugun nufi a cikinsu. Duk sun auna abin ne da mudun da muka saba, cewa cuta ita ce mai ciwo, abin da ya tsaya da kansa kuma ya wuce ke nan. A wannan larura mudun ba ya cika. Jinin da ya zo ba ciwo bayan ciki ya haura wata biyar shi ne babbar alamar cewa mabiyiya ta zauna a ƙasa, daf da bakin mahaifa ko a kansa, kuma na farkon yakan zo kaɗan ya tsaya. Na biyu ko na uku ne ke ƙin tsayawa. Tsakanin na farko da mai ƙin tsayawa akwai kwanaki, wani lokaci makonni, kuma lafiyar jaririn da ake jira ta rataya ne a kan abin da aka yi da waɗannan kwanaki.

Mabiyiya ita ce tsokar nan mai faɗi da ke biyo jariri bayan ya faɗo, wadda wasu ke kira uwa, wasu kuma su ce mahaifa kai tsaye, wadda ake haƙa rami a binne. Tun da ciki ya shiga ita ce huhun ɗan, ita ce kuma akushinsa: ta jikinta iska da abinci ke ratsawa daga jinin uwa su bi cibiya su isa gare shi. Bisa al'ada takan manne a sama ko a gefen mahaifa, ta bar ƙofa a buɗe. A kusan ciki 1 cikin 200 da suka kai lokacin haihuwa, takan zauna a ƙasa ta tare ƙofar. Likitoci sun raba abin gida biyu. Idan gefenta bai kai santimita 2 daga bakin mahaifa ba amma bai rufe shi ba, sai su ce tana ƙasa. Idan ta hau kansa ta rufe, wannan ce babbar. An fi ganin haka ga matar da aka taɓa yi wa tiyatar haihuwa, da wadda ta yi haihuwa da yawa, da wadda shekarunta suka haura 35, da mai ɗauke da tagwaye, da wadda aka taɓa yi wa wankin ciki, da wadda ta taɓa samun larurar a wani cikin, da mai shan taba. Wanda ya san gidajenmu ya san cewa mai haihuwa ta bakwai tana da shekara 38 ba baƙuwa ba ce a cikinsu. Ita ce kuma wadda aka fi sakin jiki da ita, don ana ganin ta riga ta zama gwana.

Dalilin zubar jinin ba ɓoyayye ba ne. Daga wajen wata na bakwai, ƙasan mahaifa yakan fara miƙewa yana sirancewa don share wa haihuwa hanya. Mabiyiya ba ta miƙewa. Kamar facin da aka liƙa wa roba ne, in aka ja robar sai gefen facin ya ɗaye. Inda ya ɗaye jijiyoyin jinin uwa ke buɗewa, kuma da yake wurin a bakin ƙofa yake, jinin ba ya taruwa a ciki balle ya sa ciwo, fitowa kawai yake yi. A ƙarshen ciki jinin da ke ratsa mahaifa ya fi rabin lita a kowane minti, don haka idan babbar jijiya ta buɗe, mace na iya zubar da abin da zai kayar da ita kafin a samo mota. Wannan ya bambanta da wata larurar da mabiyiya ke ɓallewa daga inda take a sama, wadda ta fi zuwa da ciwo mai tsanani da ciki mai tauri kamar katako da jini mai duhu. Duk biyun na gaggawa ne, kuma ba aikin 'yan gida ba ne su tantance wacce ce.

Abin da ya kamata a fahimta game da jaririn shi ne wannan: mabiyiyar da ke ƙasa, ita kanta, galibi tana ciyar da shi yadda ya kamata. Ba guba take ba shi ba. Mafi yawan wahalar da jariran nan ke sha daga fitowa da wuri take tasowa. Binciken da aka tattara daga ƙasashe daban-daban ya nuna cewa kusan 4 cikin 10 na masu mabiyiya a bakin mahaifa suna haihuwa kafin mako na 37, ko dai don jini ya tsananta an ciro ɗan don a ceci uwa da shi, ko don naƙuda ta taso da kanta. Ƙarancin nauyin da ake gani a jariran nan ma mafi yawansa na rashin cikar kwanaki ne. Shi kuwa bakwaini, wanda ya taɓa tsayawa a kansa ya san abin da rashin makonni ke nufi. Huhunsa bai gama haɗa wani ruwa mai santsi da ke hana ƙananan jakunkunan iska mannewa ba, don haka duk numfashi sai ya yi kokawa. Za a ga ƙirjinsa yana lotsawa a ƙarƙashin haƙarƙari, ƙofofin hancinsa suna buɗewa suna rufewa, yana wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi, leɓɓansa suna komawa shuɗi-shuɗi. An kai masa nono ya kama ya saki, domin iya haɗa tsotsa da haɗiya da numfashi a lokaci guda ba ya kankama sai wajen mako na 34. Ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, sai ya yi sanyi ko a watan Afrilu. Sukarin jininsa yana faɗuwa, shawara ta fi kama shi, ƙwayoyin cuta sun fi samun sa da sauƙi. Ƙwaƙwalwarsa a mako na 34 ba ta wuce kashi biyu cikin uku na nauyin da za ta kai a mako na 40 ba. Akwai camfin da ake ji a wurare da dama, wai ɗan wata bakwai ya fi ɗan wata takwas rayuwa. Ba haka ba ne. Duk makon da jariri ya ƙara a ciki riba ce gare shi, muddin zaman bai zama haɗari ba.

Akwai wasu hanyoyin da abin ke taɓa shi, ko da yake ba su kai wannan yawa ba. Idan uwa ta zubar da jini har ta galabaita, iskar da ke isa gare shi tana raguwa, ya fito a langaɓe ba kuka, ko ya mutu a ciki. Da yake mabiyiya ta cika gurbin da kai zai sauka, yakan kwanta a gicciye ko ya zo da ɗuwawu. Wani lokacin kuma nasa jinin ne ke zuba, idan jijiyoyin cibiya suka ratsa bakin mahaifa suka tsage sa'ad da faya ta fashe, ko idan dole aka ratsa mabiyiyar wajen tiyata. Duk jinin jikin jariri mai kilo 3 bai cika kwalbar lemo ɗaya ba. Abin da babba zai zubar bai ji komai ba, shi ya isa ya fito da shi fari fat yana buƙatar ƙarin jini.

Idan fitowa da wuri ce babbar matsala, to maganin shi ne jan lokaci cikin tsaro, kuma tarihin aikin likita ya tabbatar da hakan. A da, da zarar an gane larurar sai a gaggauta raba uwa da ciki, jarirai kuma suka riƙa mutuwa da yawa saboda ƙanƙanta. A 1945 wani likita a Belfast ta Ailan ta Arewa, Charles Macafee, ya wallafa sakamakon wata hanya dabam: a kwantar da mace a asibiti, a tanadi jini, a hana kowa sa mata hannu, a jira ɗan ya ƙara ƙwari. Mutuwar jarirai ta ragu ƙwarai ba tare da mutuwar iyaye ta ƙaru ba, kuma har yau a kan wannan tubali ake gini. A 1972 wasu likitoci biyu, Liggins da Howie, a Niyu Zilan suka nuna cewa wata allura da ake yi wa uwa kafin haihuwar bakwaini tana gaggauta nunar huhunsa. An sake gwada wannan a irin asibitocinmu: binciken Hukumar Lafiya ta Duniya da aka wallafa a 2020, wanda aka yi a Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash a kan mata 2,852, ya nuna allurar deksametazon ta rage mutuwar jariran daga kusan 24 cikin 100 zuwa kusan 20. Sai dai allurar tana son a ba ta lokaci, ana yin ta sau huɗu ne, awa 12 tsakani. Matar da ta zo a jinin farko tana da wannan lokaci. Wadda aka kawo ranga-ranga a jini na uku, kai tsaye ɗakin tiyata za a wuce da ita. (Kada wani ya ji sunan maganin ya nufi kemis. Shi ne dai wanda wasu mata ke sha don ƙiba, kuma wani babban bincike na 2015 ya nuna cewa yin sa barkatai, ba tare da sanin ainihin makonnin ciki ba, ƙara mutuwar jarirai ya yi.) Ga wadda ba ta zubar da jini ba, ƙa'idar likitocin mata na Ingila ta 2018 ta ce a shirya tiyata tsakanin mako na 36 da na 37, ga mai zubarwa kuma daga mako na 34. Bambancin ɗan mako 30 da aka ciro a guje da ɗan mako 36 da aka ciro bisa shiri, shi ne sau da yawa bambancin makonni a kwalba da komawa gida kafin ranar suna.

Wani zai ce, ai an sha gaya wa mata a wajen sikanin cewa mabiyiyarsu tana ƙasa, a tayar musu da hankali, daga baya su haihu lafiya lau a ɗakinsu, ashe ba neman kuɗi ba ne? Rabin maganar gaskiya ce. Cikin mata 10 da aka gani da mabiyiya a ƙasa a hoton wata biyar, kusan 9 za a tarar ta yi sama kafin haihuwa. Ba tafiya take yi ba. A ɗiga tawada kusa da bakin balan-balan a hura shi, ɗigon zai yi nesa da bakin alhali bai motsa ba. Haka mahaifa ke girma ta janye ta. Saboda haka wadda aka gaya wa haka a wata na biyar ba ta da dalilin kwana ba barci. Amma hoton farko ba ya iya faɗin wace ce ta goman. Shi ya sa ake maimaita shi a mako na 32, in har yanzu tana ƙasa a sake a na 36. Laifin da ke akwai na mai sikanin ne da zai jefa wa mace magana a tsaye ya miƙa mata takarda ba bayani, da kuma na gidan da suka ji hoton farko bai zama komai ba ga maƙwabciya, suka yanke cewa na biyun ɓarnar kuɗi ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar zuwa awo sau 8 da hoto aƙalla ɗaya kafin mako na 24, kuma wata fa'idar hoton wuri da ba a cika ambata ba ita ce yana ƙayyade makonnin ciki daidai. Likitan da zai yanke ranar ciro jariri yana buƙatar wannan lissafi fiye da ƙidayar da ta fara daga "wajen ƙaramar salla".

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma bai kamata a share shi ba. Ana cewa ai tiyatar ce da kanta ke jawo larurar, likitoci su yanka mace yau, gobe su ce tabon ya sa sai an sake yanka ta. Gaskiya ne tabon tiyata yana ƙara yiwuwar mabiyiya ta sauka ƙasa a ciki na gaba, har ma ta kafe a cikin tabon ta ƙi fita. Wani babban bincike na Amurka na 2006 ya nuna cewa idan mabiyiya tana bakin mahaifa, yiwuwar ta kafe kusan 3 cikin 100 ne ga wadda ba a taɓa yi wa aiki ba, 11 ga mai aiki ɗaya, 40 ga mai biyu, sama da 60 ga mai uku. Wannan hujja ce mai ƙarfi a kan yin tiyata ba dalili, kuma asibitin da ke yanka mata don kuɗinta ya fi na haihuwa tsoka yana shuka wa mutane wahala. Amma hujjar ba ta taɓa matar da mabiyiyarta ta riga ta rufe ƙofa ba. Ita ba ta da wata hanya. Kafin ɗan ya fito sai mabiyiyar da yake numfashi da ita ta yage, kuma ba ungozomar da gwanintarta ta kai ta kauce wa wannan. Matsalarmu ma ba yawan tiyata ba ce. Ƙididdigar lafiya ta Najeriya ta 2018 ta nuna kusan haihuwa 3 cikin 100 kacal ake yi ta tiyata, wanda ke nufin da yawa daga masu buƙatarta ba sa samu. Abin da alƙaluman Amurkan ke koya wa mai tabo shi ne ta tabbatar an duba mata mazaunin mabiyiya, kuma in tana ƙasa, ta haihu a babban asibiti mai ma'ajiyar jini da ɗakin jarirai, irin asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, ko asibitin haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai.

Sai maganar da aka fi ji: iyayenmu a gida suka haife mu. Haka ne, kuma mafi yawan mata za su haihu lafiya ko a ina suke, shi ya sa maganar ke da daɗin kamawa. Sai dai masu ba da wannan shaida waɗanda suka rayu ne. Farfesa Kelsey Harrison ya bi diddigin haihuwa 22,774 a asibitin Zariya daga 1976 zuwa 1979, kuma abin da ya fi fitowa fili a rahotonsa na 1985 shi ne mutuwar iyaye da jarirai ta taru ne a kan matan da ba su yi awo ba, waɗanda aka kawo bayan abu ya ɓaci. Kusan shekara 40 bayan wancan bin diddigi, ƙididdigar 2018 ta ce haihuwa 39 cikin 100 ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma kuwa kusan 16. Ga larurar da muke magana a kai, haɗarin gida yana da fuska takamaimai, wato hannu. Abu na farko da mai karɓar haihuwa kan yi in ta ga jini shi ne ta sa yatsa ta ji ko ƙofa ta buɗe. Yatsan da ya shiga bakin mahaifar da mabiyiya ke kai zai iya mayar da ɗigo ya zama ambaliya cikin ƙiftawar ido. Ƙa'ida ce da ake koya wa duk ɗalibin aikin ungozoma: mai ciki mai zubar da jini ba a sa mata hannu sai hoto ya nuna inda mabiyiya take. Haka nan jiƙe-jiƙen tayar da naƙuda da allurar naƙuda ta bayan fage, duk ƙara yagewa suke yi. Saduwa ma akan ce a dakatar da ita, kuma wannan magana ce da ya kamata likita ya faɗa wa maigida da bakinsa, kada a bar wa matar nauyin isar da ita.

Kuɗi kuwa ba ƙorafi ba ne da za a amsa da wa'azi. Tiyata da jini da kwanakin jariri a kwalba suna iya cinye amfanin gonar shekara. Nijar ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, kuma a Nuwamban 2024 ministan lafiya na Najeriya, Muhammad Ali Pate, ya sanar da tiyata kyauta ga mata marasa ƙarfi a asibitocin da aka tantance. Yana da kyau a tambaya tun a wajen awo ko asibitin yana cikin shirin, a kuma san cewa sanarwa ba ta zuba wa mota mai. A nan ma sanin wuri shi ne rangwamen talaka. Wanda aka gaya masa a mako na 32 yana da wata guda ya sayar da akuya a farashinta, ya nemi 'yan'uwa biyu ko uku a gwada jininsu a ajiye, ya yi magana da mai motar da zai ɗaga waya da ƙarfe biyun dare. Matar kuma ta dage da ƙwayoyin ƙarin jini da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a awo, domin wadda ta shiga da jini isasshe ta fi jure zubarsa. In rukunin jininta mai alamar ragi ne, akwai allurar da ake yi mata bayan zubar jini don kare 'ya'yan gaba. Al'adar goyon ciki ma tana iya zama mafita ko akasin haka: in gidan iyaye ya fi kusa da babban asibiti, a tafi da wuri, in ƙauye ne da damina ke yanke wa hanya, wannan karon a haƙura, a nemi ɗan'uwa a gari.

Ko an yi komai daidai, wasu jariran za su zo da wuri, kuma ba duka ne ke samun kwalba ba. Dabarar ɗora bakwaini tsirara a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zani, wadda aka faro a Bogota ta Kolombiya a 1978 saboda ƙarancin kwalabe, ta tabbata tana ceton rai. Binciken 2021 da ya haɗa da Najeriya da Gana ya nuna fara ta nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8 da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Uwar da aka yi wa aiki ta kuma zubar da jini ba lalle ta iya a ranar farko ba. Ƙirjin kaka ko na uba yana yin aikin kafin ta farfaɗo. A ɗaga wankan jariri, a tatsa masa nonon farko a ba shi da ƙaramin kofi in bai iya kamawa ba, kada a zubar da shi da sunan dauɗa.

Wadda aka riga aka gaya wa mabiyiyarta tana ƙasa ta ajiye takardar hoton tare da katin awo a jakar da ba ta rabuwa da ita. Ranar da ta ga jini, ko ɗigo ne, ko ya tsaya, ta sa ƙyalle mai tsabta a waje kawai, ta taho da wanda ya jiƙe don ma'aikata su ga yawan abin da ya zuba, kada ta tsaya cin abinci don ƙila a shiga da ita tiyata. Da isarta, kafin kowa ya sa safar hannu, ita ko mai rakiyarta su faɗa da babbar murya: "Sista, jini take zubarwa, kuma an ce mabiyiyarta tana ƙasa."